Gangunan Da Ke Ɗakin Yaya

Katanga ɗaya ce ta raba ɗakin ɗinkina da ɗakin Yaya, tsohuwar da ke gidan maƙwabtanmu, kuma katangar ba ta kai kwano ba. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Kunnena ya ji, hancina ya shaƙa.

Ranar da aka shigo da gangar farko ina kan keke ina haɗa hannun riga. Na ji ana mirgina ƙarfe a kan siminti, sai kuma muryar ƙanenta, wanda duk gari ke kira Mai Jirgi. Ko ƙusa ɗaya ta jirgin ba tasa ba ce. Aikinsa tsaron ma'ajiyar mai a filin bayan gari, inda jirgi mai saukar ungulu ke sauka in ya kawo magani ko ya zo ɗaukar mara lafiya. Garinmu da nisa, man da jirgin ya taso da shi ba ya isarsa komawa, dole sai ya sha a nan. Amma in ka ga mutumin nan yana tafe makullai na kaɗawa a ƙugunsa, sai ka rantse shi ke raba wa gajimare hanya.

"Yaya, ɗan janye tabarmarki. Kwana biyu kawai za ta yi."

"Auta, wannan ba man jirgi ba ne?" Ita kaɗai ke ce masa Auta, don ita ta goye shi. "Me ya kawo shi cikin gida?"

"Ajiya ce. Ɗakinki ne mai siminti, kuma ba mai leƙo shi."

Gaskiya ya faɗa a nan. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta ba ɗa ba jika, ba mai leƙa ɗakin sai ni. Ta janye tabarmar.

Kwana biyun Mai Jirgi irin na mai cin bashin goro ne. Ganga ta zama biyu, biyu ta haifi ƙanne, har ɗakin ya rage ɗan zirin da mutum zai miƙe ƙafa. A ma'ajiya kwantar da ganguna ake yi a gefensu don kada ruwa ya taru a kan murfi. A ɗakin Yaya ba fili, sai aka tsayar da su, aka toshe tagar da buhu don kada mai wucewa ya hango.

Ga abin da yake yi. Man jirgi fari ne tas, kuma a risho ya fi kananzirin kasuwa ci. Sai ya ɓalle hatimin ganga ya zuƙi man ya sayar wa mata da sunan kananzir, ya cike gurbin da dizal ɗin da yake samowa wajen masu injin niƙa. Dizal ɗin nan a tsofaffin jarkoki yake zuwa, da tsatsa da yashi da abin da Allah kaɗai ya sani. Dole a tace shi, kuma tacewa aikin zama ne, aikin wanda ba shi da inda za shi. Ya kawo wa Yaya mazurari da tsohon zane. Ita za ta shimfiɗa zanen, ta tsiyaya a hankali, ta bar gurɓataccen a gindin jarka, ƙofa a rufe. In ta gama ya zo ya mayar da murfi ya ɗaure hatimi da wani ɗan ƙarfe da ya sa maƙeri ya yi masa, ganga ta koma kamar ba a taɓa ta ba.

Da farko Yaya da wasa ta ɗauki abin. Mace ce mai barkwanci, ta kan ƙwanƙwasa katanga ta ce, "Tela, yau ma ni na yi wa jirgi girki. In kin ji ya wuce yana gyatsa, hannuna ne."

"To a ba ki hular matuƙa mana," in ce da ita.

"Wace hula? Ko sabulun wanke hannu ban gani ba."

Sabulun bai zo ba. Fatar hannunta ta fara yin fari, ta tsattsage tsakanin yatsu, in ta taɓa ruwa sai ta ja iska ta haƙora. Komai ta ci warin mai take ji. Aka hana yara shiga ɗakinta, aka hana ta kunna fitila, aka hana ta shigar da garwashi ko da sanyi ya kama mata gwiwa. In ta fito cikin mata sai ki ga ana ɗan muskutawa ana jan mayafi zuwa hanci. Ta lura, ta daina fita. Sai tari ya zo, busasshe, irin wanda ke farawa a maƙogwaro ya ƙare a haƙarƙari. Ina taka keke ina jin sa ta saman katanga, har na kan tsayar da ƙafata in jira ta numfasa.

Na tari matar Mai Jirgi a tsakar gidansu tana shanya.

"Maƙwabciya, tarin Yaya fa ba na sanyi ba ne. Ku fitar da gangunan nan, ko ku fitar da ita."

Ta karkaɗe rigar da ke hannunta. "Mu kai ta ina? Ɗakina ni da yara ne. Ai tsufa ne, Tela. Uwata ma haka ta yi ta tari, ba ta taɓa ganin ganga ba."

"Ki shiga ki zauna wuni ɗaya, ki fito ki gaya mini tsufa ne."

"Ni kaina ba ya son wari," in ji ta, ko kunya babu. "Ita kuwa ta saba. Kuma ko sauro ba ya shiga ɗakin, ba ki ga ta huta da zazzaɓi ba?"

Wallahi da ba don girman maƙwabtaka ba, da na gaya mata maganar da za ta kwana da ita. Na haɗiye, na jira mijin. Da la'asar na tsaya masa a ƙofa.

"Mai Jirgi, bar maganar Yaya ma tukuna. Abin da kake zuba wa jirgin nan, mutane fa yake ɗauka."

Ya yi dariya irin ta wanda ya ga jahili. "Tela, tsaya a kan allurarki. Dizal da man jirgi uwa ɗaya uba ɗaya ne. Da idona na ga matuƙi, wata rana da motar mai ta makara, ya sa an ɗebo dizal daga janareton asibiti ya zuba, ya tashi lafiya ya sauka lafiya. Na fi shi sani ne, ko kin fi shi?"

"Shi ya san abin da ya zuba. Naka fa, ya sani?"

"Jirgi nawa kika ga ya faɗo?"

"Yaya fa? Ita ai tana faɗowa a gabanka."

Fuskarsa ta canza. "Yayata ce, ba taki ba. Ci da sha da wurin kwana, wa ke ba ta? Ɗan taimakon da take yi wa gidan da ke riƙe da ita shi ne ya tsone miki ido?"

Na kai maganar wajen kawunsu, dattijo mai farin gemu da ake jin maganarsa. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce kowane gida da abin da ya rufe, kuma mace mai hankali ba ta ɗaga murfin tukunyar da ba ita ta ɗora ba. Maigidana ma da na dawo cewa ya yi in fita harkar, a rishon wa nake dafa abinci, da man wa? Wannan ta ƙona ni, don gaskiya ce. Rabin garin da man jirgin nan yake girki, shi ya sa kowa hancinsa ya toshe. Daga ranar na koma itace, hayaƙi ya fi mini.

Ita kanta Yaya da na ce ta dawo ɗakina, ƙi ta yi.

"In na fita wa zai tace? Matarsa ba ta da haƙuri, juyewa kawai za ta yi. Gara ni, Tela. Ko ba komai na san abin da ya shiga cikin gangar nan mai tsabta ne."

Haka ta ɗaure kanta da igiyar da ta fi ta ƙanenta ƙarfi.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Kwanon ɗakin Yaya tsoho ne, ya fara yoyo, kuma ba a kan tabarmarta kaɗai ba. Ina jin ɗigon yana sauka a kan murafun ganguna, ƙwal, ƙwal, daga baya sautin ya koma na ruwa a kan ruwa. Bakin ganga yana da gefe kamar faranti, ruwa ya taru ya rufe murfin. Hatimin da aka ɓalle aka mayar kuwa ba ya kama kamar na asali. Yaya ta kan rarrafa da tsumma ta tsane su ɗaya bayan ɗaya, ta matse a kwano, ta zauna tana haki. Ta roƙi ƙanenta ya sa a liƙe kwanon. Ya ce in ya kawo mai gyara, idon mai gyara zai ga ganguna, a bari ruwa ya ɗauke.

Ruwa bai ɗauke ba, ƙarfin Yaya ne ya ɗauke. Wata safiya na ƙwanƙwasa katanga ba ta amsa ba. Na zaga na tura ƙofar, warin ya doke ni har idona ya kawo ruwa. Tana kwance a ɗan zirinta, ƙirjinta na ɗagawa yana wani kuka kamar tsohuwar ƙofa, leɓɓanta sun yi duhu. Kan kowace ganga ruwa ne kwance, ba wanda ya tsane. A gefe ga jarkoki babu komai a ciki, zanen tacewa a bushe a kan ƙusa.

"Sun juye," ta ce da ƙyar. "Shi da matarsa. Ba su tace ba."

Ban nemi izinin kowa ba, na tafi na kira malamar asibiti. Kafin mu iso, labari ya riga mu. Mun tarar an fito da Yaya tsakar gida a ƙarƙashin rumfa, an canza mata zane, an rufe ɗakinta da kwaɗo. Malama yarinya ce mai natsuwa, ba ta daɗe da zuwa garin ba. Ta sa abin sauraro a ƙirjin Yaya, ta daɗe, sannan ta kama hannunta ta juya.

"Wannan warin fa? Me ya ci mata hannu haka?"

"Kananzir take shafawa don ciwon gwiwa," in ji matar gidan da sauri. "Mun hana ta, ba ta ji. Kin san tsofaffi."

Na buɗe baki, Yaya ta dube ni. Kallon roƙo ne, na rufe.

Malama ta ce huhun ya cika, abin ya fi ƙarfin ɗan asibitinmu, sai babban asibiti inda ake sa wa mutum iskar numfashi. Hanya kuwa ruwa ya cinye gada, ko babur ba ya wucewa. Ta ce za ta yi waya a turo jirgi, ita da kanta za ta raka ta.

Na kalli Mai Jirgi. Gadar da ta hana mu fita ita ta hana motar mai shigowa, kuma na san ma'ajiyarsa ta kusa zama fayau. Ya ce, "To. Allah ya kawo su lafiya."

Washegari da sassafe aka kawo amalanke. Yaya na kwance a rumfa, kanta a cinyata, aka mirgino ganguna daga ɗakinta aka wuce da su ta gabanta. Mai Jirgi ya goge ruwan kan murfi da hannun rigarsa. Idonta ya bi su har ƙofa.

"Auta," ta kira.

"Ki huta, Yaya. Yau za ki ga likita."

Bai tsaya ba.

Da hantsi jirgin ya sauka, iskarsa ta kwantar da ciyawa. Mun kawo Yaya a gadon ɗaukar marasa lafiya, muka ajiye ta a inuwar ma'ajiya. Matuƙin mutum ne mai furfura a gefen kai, ya zo da mataimakinsa. Sai kallon gabas yake yi, inda hadari ya fara haɗuwa baƙi ƙirin. Mai Jirgi ya fara buɗe ganga ɗaya da ta rage a ma'ajiya, wadda bai taɓa ba. Matuƙi ya ɗebi man a kwalba, ya ɗaga ta a rana, ya kaɗa, ya ga fari tas ba ɗigon ruwa, ya ɗaga kai. Da ta ƙare aka matso da na ɗakin Yaya. Matuƙi ya duba hatimi ya ga a ɗaure, ya sake kallon hadarin, ya ce a yi sauri. Mai Jirgi ya zura tiyo har gindin ganga ya kama famfo yana bugawa. Ina kallon hannunsa, ko rawa bai yi ba.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. In an yi shiru, Yaya za ta hau sama a kan wannan man, ita da mutum uku da ba su san hawa ba su san sauka ba. In an yi magana, jirgin ba zai tashi ba, kuma numfashin da ke ƙirjinta ba mai jira ba ne. Na rasa wadda zan kama.

Aka rufe tanki. Mataimakin ya kama gaban gadon, Mai Jirgi ya kama baya, da hannunsa ya ɗauki yayarsa ya nufi ƙofar jirgin da ita. Malama na biye da jakarta.

Yaya ta miƙa hannun nan nata da ya tsattsage ta kama rigar matuƙi.

"Ɗana," ta ce. Sai da ya sunkuyo kafin ya ji. "Kada ka tashi. Akwai dizal a ciki, ba a tace ba. Akwai ruwa."

"Zafin ciwo ne," in ji Mai Jirgi. "Tun jiya take sambatu. Mu sa ta, hadari na zuwa."

"A ɗakina suka kwana, kwano na yoyo a kansu." Ta ja numfashi, ya ƙi zuwa, ta sake ja. "Duba ƙasan tankinka."

Matuƙi ya dube ta, ya dubi ƙanenta. Ya sa aka ajiye gadon, ya jira man ya kwanta, ya durƙusa ƙarƙashin jirgin da kwalbarsa ya buɗe wani ɗan famfo. Da ya ɗago ta, ko ni da ban san komai ba na gani. Sama mai ne launin ruwan ɗorawa, ƙasa ruwa kwance da baƙin gari-gari.

"Dizal mai tsabta, in na san da shi, in dole ta kama, injin nan zai iya sha ya kai mu," ya ce da Mai Jirgi, muryarsa a ƙasa. "Wannan kuwa a kan duwatsu zai kashe mana inji. Kai ka san haka?"

"Allah ne ke tsarewa," in ji Mai Jirgi.

Matuƙi ya juya wajen Yaya, ya cire hularsa. Ya ce dole a zubar da duk abin da ke cikin tankin, har mai kyaun da ya gauraya, a jira wani jirgi ya kawo mai. Ya yi waya a gabanmu. Aka ce masa sai hadari ya wuce.

"Na sani," in ji Yaya. "Tun a gida na sani."

Hadarin bai wuce ba. Ruwa ya sauka wuni da kwana, ya ɗan tsagaita, ya dawo. Malama ta kwantar da Yaya a ɗakin asibiti kusa da taga, ta yi duk abin da hannunta zai iya. Ina zaune gefenta ina mata fifita, matuƙin ma ya kan zo ya tsaya a bakin ƙofa ya koma. Daga gidan ƙanenta ba wanda ya leƙo. Ta tambaye ni sau ɗaya ko Auta ya ci abinci, na ce ya ci, alhali ban sani ba. Da rana tsaka ta cika, ruwa na zuba. Jirgin da ya kawo man ya iso bayan mun dawo daga rufe ta.

An karɓe makullan Mai Jirgi, an tafi da shi ya amsa tambayoyi, ya dawo. Ku zo ku ji abin da ake faɗa a gidan da masu gaisuwa suka cika. Ba wanda ya ambaci ɗakin, ba wanda ya ambaci huhunta. Kawu ya ce Allah ya jiƙanta, amma ta yi gaggawa, maganar gida a gida ake yin ta. Wata gwaggo ta ce da ta yi shiru da yanzu tana asibiti tana shan magani, ita ta kashe kanta da bakinta. Matar gidan tana kuka tana fyace hanci, ta ce shekara da shekaru suna ciyar da baiwar Allahn nan, sakayyar da ta yi musu ke nan, ta raba mai gida da abincinsa a gaban baƙi.

Na miƙe na ɗauki mayafina. A zaure na ci karo da Mai Jirgi zaune a kan tabarma, ƙugunsa ba makullai. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. Na ɗauka nadama ce, har zuciyata ta fara sanyi.

"Tela, ke kina wurinta har ƙarshe," ya ce. "Ta ce in yafe mata?"